Ciyaman zai gina wa masu taɓin hankali gida a bayan gari: mu goyi baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakataren kwamitin ci gaban mazaɓa ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin jihar Kano. Masu taɓin hankali da ke kwana a tasha, bakin kasuwa da kangaye sun yi yawa a garinmu, har da mata. A kasafin baɗi ciyaman yana son ya gina musu gida mai katanga a bayan gari, ya kuma sayi motar da za ta riƙa kwashe su. A kasafin dai akwai gyaran ƙofar gari da sabon shataletale. Wasunmu na cewa a goyi bayan ginin tunda an tuna da su, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Me ya kamata mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku nemi a soke kuɗin, ku nemi a canza masa hanya. Ciyaman da ya tuna da waɗannan bayin Allah ba alfarma ya yi ba, aikinsa ne, domin jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kafa gidajen gajiyayyu da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Sai dai gini da mota su ne suka fi cin kuɗi, su ne kuma suka fi ƙarancin amfani. Abin da ke raba mai wannan ciwo da titi, ya hana shi komawa, abu biyu ne: magani wanda ba ya yankewa, da ma'aikacin da zai bi shi gida ranar da bai zo karɓa ba. Dukansu kuɗin yau da kullum ne. Ba a yanke musu ƙyalle, ba a kafa musu allo mai sunan ciyaman, babu kwangila a cikinsu, shi ya sa kullum su ake mantawa.

Kafin a yi zancen bulo ko ɗaya, sai an san su wane ne ke kwana a wajen. “Sun yi yawa” ba adadi ba ne, ma'aji ba zai saki kuɗi a kansa ba. Da dare ake ƙidayar, daga ƙarfe 11 zuwa kiran assalatu, don da rana mai yawo guda za a iya lissafa shi sau uku a unguwa uku. Kowace tawaga mutum uku: ma'aikacin lafiya, mace guda, da wanda ya san wurin, kamar mai gadin kasuwa, ɗan kamasho ko mai shayin tasha. A yi duk mazaɓu a dare ɗaya, a maimaita sau ɗaya da hunturu sau ɗaya da damina, saboda makwanci yana canzawa da yanayi. A rubuta jinsi, ƙiyasin shekaru, inda yake kwana, tun yaushe aka san shi a nan, wa ke ba shi abinci, yana da rauni ko tari, da sunan da ake kiransa. Ba a tashin mai barci, ba a haska masa tocila a fuska, ba a ɗaukar hoto a sa a Facebook.

Idan takardun suka taru za ku ga ba mutane iri ɗaya ba ne. Akwai masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani da ya daɗe ba magani, masu magana su kaɗai, masu jin muryoyi, masu tara tsummokara. Akwai masu farfaɗiya da iyali suka guje su don tsoron wai yawunsu yana yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗuwa. Akwai matasan da ƙwaya, wiwi ko sholisho suka fitar da su daga gida. Akwai tsofaffin da ruɗewar tsufa ta sa suka fito suka kasa gane hanya. Sannan akwai kaso mai yawa da lafiyar hankalinsu ƙalau: 'yan ci-rani, 'yan dako, waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, da wanda mai gida ya fitar don bashin haya. Motar kwasa ba ta bambance waɗannan. Duk wanda ta gani da datti za ta ɗauka, a zuba tsohuwa mai mantuwa da saurayin da ke cikin maye a tsakar gida ɗaya.

Akwai lissafin da ya kamata ku riƙe a hannu ranar zama da kansiloli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 yana da sikizofireniya, wato ciwon da ke kawo jin muryoyi da zargin da ba shi da tushe. Ƙaramar hukuma mai mutum 300,000 ke nan tana iya samun kimanin 1,000, ban da masu farfaɗiya da sauran cututtuka. Na titi kuwa ƙalilan ne a cikinsu. Sauran suna ɗakin baya a gidajensu, wasu a kulle, wasu da mari a ƙafa, iyaye suna sayar da akuya da buhun gero don magani da rubutu. Ranar da uwar ta rasu ko gonar ta ƙare, ranar ce yake fitowa tasha. Duk shirin da ya tsaya a kan na titi kaɗai, kwasar ruwa yake yi a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ku kwashe 40 bana, baɗi wasu 40 sun cike gurbin.

Yanzu maganin kansa. Nan ne mutane suka fi yin mamaki, domin yawancin magungunan tsofaffi ne masu araha, suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Largactil da Haldol, na masu jin muryoyi da zargi, an haura shekara 60 ana amfani da su. Akwai Risperdal wanda ya fi sauƙin jurewa ga wasu. Don farfaɗiya akwai fenobabiton da Tegretol, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata, da kuɗin da zai iya yin ƙasa har dala 5 a shekara. Ba lalle a sayi na babban kamfani ba, na gama-gari mai lambar NAFDAC ya isa, in dai daga rumbun magani na jiha aka saro shi ba daga kasuwa ba.

Ga wanda ya daɗe a titi, abin da ya fi aiki shi ne allura mai dogon zango irin su Modecate. Ana farawa da ƙaramin gwaji na miligiram 12.5, a ga yadda jiki ya karɓa, daga nan a riƙa yi duk mako 2 zuwa 4 gwargwadon yadda likita ya tsara. Amfaninta ba wai ta fi ƙwaya ƙarfi ba ne. Amfaninta shi ne ana sanin ranar da aka tsallake. Wanda aka ba ƙwayar wata guda, ba wanda ya san ko ya sha ko ya watsa a kwata sai ciwo ya dawo. Wanda bai zo allura ranar Talata ba, ranar Laraba ma'aikaci ya hau babur. Ba a yi wa mai ciki ita, kuma ba a fara ta ga wanda yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya ɗan murmure.

Abubuwa huɗu ne suka fi karya shirin magani a ƙauye, kuma duka ana iya tare su. Na farko gaggawa. Maganin nan yana kwantar da tashin hankali cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a yanke hukuncin ya yi aiki ko bai yi ba. Iyalin da ba a gaya wa haka ba za su ce “na asibiti bai karɓe shi ba” a mako na biyu. Na biyu samun sauƙi. Da mutum ya fara wanka, yana salla, yana gaisawa, sai a ce ya warke a ajiye magani. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 12 bayan alamomi sun tafi idan karo na farko ne, wanda kuwa ciwon ya sha dawo masa yakan ɗauki shekaru, kuma a hankali ake ragewa ba a tsaya rana ɗaya ba. Na uku illar magani, wadda ita ce ta fi tsorata mutane: wuya ya murɗe, harshe ya zazzago, ido ya kafe sama, yawanci a kwanakin farko kuma ga matasa maza. Duk wanda ya gani zai ce iska ce ta tashi. Ba iska ba ce, maganin ne, kuma Artane ko rage awo yana warware ta. Amma a nan ma da tarko, domin Artane shi ne Exol ɗin da 'yan shaye-shaye ke nema. Kada a ba kowa shi sai wanda illar ta bayyana a jikinsa, kada a ba da na wata guda a hannun majiyyaci, a ƙirga shi a littafi kamar kuɗi. Idan kuwa jiki ya sandare ga zazzaɓi mai zafi da gumi da ruɗewa, wannan ba na gida ba ne, a tsayar da maganin a garzaya babban asibiti. Na huɗu watan azumi, lokacin da da yawa ke daina sha. A zauna da su tun Sha'aban a mayar da shan zuwa bayan buɗa-baki ko sahur.

Akwai kuskure guda da ke kashe mutum, don haka ma'aikatan motar kwasa, in har za a yi su, dole su san shi. Ba duk wanda ya fita hayyacinsa ne mai taɓin hankali ba. Wanda jiya lafiyarsa ƙalau yau yake sambatu, bai san inda yake ba, yana gyangyaɗi yana farkawa, a fara zargin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sankarau, taifod, faɗuwar sukari ko buguwa a ka. Irin wannan idan aka danna masa allurar barci aka kulle shi a ɗaki, da safe gawa za a tarar. Saboda haka duk wanda aka ɗauko daga titi, a ranar farko a auna zafin jiki da hawan jini da sukari, a yi gwajin maleriya, a duba raunuka, a binciki tarin fuka, a nemi yardarsa a yi gwajin ƙanjamau. Mace kuwa a yi mata gwajin ciki kafin a ba ta komai. Macen da ke kwana a kango kusan ba ta tsira daga masu lalata da ita, kuma Epilim, wanda ake bayarwa don farfaɗiya da ciwon hawa da saukar yanayi, yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a ba matar da ke cikin shekarun haihuwa.

To wa zai yi duk wannan, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200? Ba likitan ƙwaƙwalwa ake jira ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa nas da malamin asibitin sha-ka-tafi yadda za su gane su kuma kula da waɗannan cututtuka a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, Najeriya kuma ta daidaita shi da yanayinta. Horon kwanaki ne ba shekaru ba. Amma horo ba tare da mai dubawa ba yana zubewa cikin 'yan watanni. Abin da za ku nema shi ne yarjejeniya a rubuce da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano: ƙwararre ya zo rana ɗaya kowane wata, ya ga masu wuyar sha'ani, ya duba littafin magani, a kuma samu lambar wayar da nas zai kira idan ya rasa yadda zai yi. Ƙaramar hukuma ta ɗauki mai da alawus. A horar da aƙalla mutum biyu a kowane asibiti, kuma a roƙi hukumar lafiya matakin farko kada ta yi musu canjin wurin aiki kafin shekara 2, don sau da yawa ranar da aka ɗauke nas guda shirin gari guda yake mutuwa.

Mu koma kan ginin. Gida mai katanga a bayan gari yana da hanyar da yake bi, kusan ba ya saɓa ta. Ana buɗe shi da gado 50. Kafin shekara ta zagayo mutum ya ninka, domin iyalai da 'yan sanda da kotu duk sun samu wurin ajiya. Kuɗin abinci ya makale wata uku. Magani ya ƙare. Ma'aikaci biyu da dare ba za su iya da mutum 100 marasa magani ba, sai su nemo sarƙa. Ba mugunta ce ta fara kawo sarƙar ba, rashin kuɗin yau da kullum ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, aka bi da wasu a Daura da Katsina da Zariya, mutane suka ɗauka matsalar ta gidajen malamai ce kawai. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ɗaure masu taɓin hankali har a cibiyoyin gwamnati da na coci-coci. Wurin da ke nesa da idon jama'a, mai ƙofa ɗaya da makulli a hannun mutum ɗaya, sunan mai shi ba ya canza abin da zai zama.

Doka ma ta juya wa wannan tsari baya. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta na 1916 ne zamanin Turawa, ita ce ta ginu a kan kamawa da tsarewa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta ba majiyyaci haƙƙin a nemi yardarsa, ta kuma sa sharuɗɗa kafin a kwantar da shi ba da sonsa ba. A aikace, datti da surutu ba dalilin tilastawa ba ne. Dalili shi ne yana gab da cutar da kansa ko wani, ko jikinsa yana lalacewa har ana tsoron ransa, kuma likita ne zai tabbatar a rubuce, ba direban mota ko ɗan sintiri ba. Mafi yawa ma ba sa buƙatar ƙarfi. Mutum guda ya riƙa zuwa da shayi da burodi a lokaci ɗaya kullum, tare da wanda majiyyacin ya saba da shi, kwana 5 ko mako 2, sai ka ga ya yarda an wanke masa ciwon ƙafa, daga nan ya yarda ya bi su. Idan dole ta sa a riƙe shi, mutum huɗu ko biyar masu horo, a gaɓoɓi, ba a kifa shi a danne baya ko wuya, don a haka numfashi ke ɗaukewa.

Wannan ba yana nufin ba a buƙatar rufi ba. Ana buƙata, amma ƙarami kuma a cikin gari. Ku kama hayar gida kusa da babban asibiti, gado 10 zuwa 12, ɓangaren mata dabam da ma'aikaciya mace dare da rana, ƙofa a buɗe ga 'yan uwa da limamin unguwa da ku 'yan kwamiti. Zama kada ya wuce wata 3, kuma tun ranar shiga a fara neman inda zai koma. Haya ta fi gini a nan, domin idan ƙidayarku ta nuna 8 ne ba 80 ba, ba ku binne miliyoyi a siminti ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwa guda, ana biyan masu gida haya, suna zuwa asibiti da rana. A jihar Abiya, cibiyar Amaudo tun 1989 take ɗauko masu ciwon daga titi, ta yi musu magani, ta koya musu sana'a, ta nemo danginsu. A Finland kuwa tun 2008 gwamnati ta ɗauki tsarin fara ba marar matsuguni ɗaki kafin a nemi ya gyaru, saboda wanda bai san inda zai kwana ba ba ya riƙe ranar allura. A wurinmu ɗakin nan yawanci yana nan a gidan gado, rufinsa ne ya zube ko wani ya mamaye. Kwano ɗauri biyu da ƙyaure sun fi gadon gidan gwamnati araha nesa ba kusa ba.

Neman dangi aiki ne mai cin lokaci, ku ba shi layinsa a kasafi. Bayan mako 3 ko 4 a kan magani da yawa sukan faɗi sunan gari da na mahaifi. Kafin nan karin harshe yana nuna hanya, Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Damagaranci, haka tsagar fuska ga manya. Sanarwar cigiya a rediyo tana aiki, haka 'yan kamasho masu lodin garin, haka wasiƙar hakimi zuwa ga hakimi. Wanda ya fito daga Maraɗi ko Damagaram ana bi ta shugabannin 'yan Nijar mazauna Kano. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa mutum a mota a sauke shi a ƙofar gida a juyo. Dole a fara zuwa ba tare da shi ba, a ji abin da ya faru. Wataƙila ya taɓa sarar wani lokacin ciwo ana jin tsoronsa. Wataƙila an raba aurensa, ko an raba gado an cinye kasonsa, dawowarsa kuwa tonon asiri ce. Irin wannan sai da mai unguwa da limami a zaune, a fitar da mutum guda da zai riƙe katin magani, a kuma haɗa shi da asibitin da zai ci gaba da allura kafin a kawo shi. Wasu ba za a samu nasu ba har abada, wasu dangin za su ƙi. Waɗannan kaɗan ne, kuma su ne suke buƙatar ɗakin haya na dindindin, mutum uku ko huɗu tare, da mai leƙa su.

Malaman ruƙiyya da masu maganin gargajiya kada a mai da su abokan gaba, don su iyali ke fara zuwa kuma za su ci gaba da zuwa. A kira su zama, a yi sharaɗi a fili: addu'a da rubutu su ci gaba, amma ba mari, ba bulala, ba hana abinci, ba cewa a ajiye na asibiti, kuma duk mai zazzaɓi ko farfaɗiya ko mai jego da ta rikice a turo shi a ranar. Malamin da ya ga wanda ya turo ya samu sauƙi, shi zai riƙa cika muku layi.

Ga yadda zan raba kowace naira 100 ta kuɗin da aka yi niyyar ginin da shi: 35 magani da gwaje-gwaje, 25 alawus na masu bibiya da man babur, 20 haya da abinci, 10 neman dangi da gyaran ɗaki da ɗan jari, 10 horo da ziyarar ƙwararre da littattafan rajista. Babura biyu ko uku sun fi mota amfani, ranar da ake buƙatar mota akwai ta asibiti. Ma'aikaci guda kada ya riƙe fiye da majiyyata 30. Maganin kuma a ajiye na wata 3 a gaba kullum, a sake oda idan ya rage na wata 3 ɗin, ba idan kwali ya ƙare ba. Idan ta asusun magani mai juyawa za a bi, wato wanda ake sayar da magani a sake saro wani da kuɗin, sai ƙaramar hukuma ta riƙa biyan kuɗin waɗanda aka yafe wa duk wata, in ba haka ba yafiyar ce za ta cinye jarin cikin shekara guda, mai kemis ɗin asibiti ya daina sayo maganin gaba ɗaya.

Ba aljihun ƙaramar hukuma ne kaɗai ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wani ɓangarensa na sa marasa galihu a inshora ta hannun hukumar jiha, wato KSCHMA a Kano. Inda ake tuntuɓe shi ne rajista tana neman lambar NIN, na titi kuwa ba shi da ita, don haka yi masa ita yana cikin aikin wata 3 ɗin da zai yi a gidan hayar. Zakka ma ta halatta a kansu, faƙirai ne miskinai, wasunsu matafiyan da guzuri ya yanke wa. Hukumar zakka da waƙafi ta jihar Sakkwato ta daɗe tana ɗaukar nauyin maganin masu taɓin hankali, abin da ke nuna hanyar a buɗe take. Attajirin garinku da zai ba da gida waƙafi ya ɗauke muku haya har abada.

Batun ƙofar gari da shataletale kuwa, ku yi hattara da yadda za ku kawo shi. Idan kuka ce a fifita masu taɓin hankali a kan rijiyar burtsatse ko rufin firamare, za ku faɗi, kuma da gaskiyar waɗanda suka kayar da ku. Ko fitilun kan hanya ban sa su cikin ɓarna ba, matar da ke kwana a rumfa ta fi kowa amfana da haske. Ku auna da ayyukan ado kawai. Ku karɓi kuɗin da aka rubuta wa shataletalen, ku raba da kuɗin maganin mutum guda na shekara kamar yadda mai kula da rumbun magani ya ba ku a rubuce, ku karanta wa majalisa amsar. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, uzurin “kuɗin ba a hannunmu yake ba” ya rage ƙarfi, ko da yake aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Ku kuma bar wa ciyaman abin da zai nuna: ranar buɗe gidan hayar, rabon babura, sunansa a jikin katin magani. Ba laifi ba ne ɗan siyasa ya so a gani.

A takardar da za ku miƙa, ku nemi layi mai sunansa da lambarsa a ɓangaren kuɗin yau da kullum, kada a cusa shi cikin “walwalar jama'a” inda shinkafar azumi za ta haɗiye shi. Ku nemi a riƙa saki duk wata 3 tun farkon zangon, don warewa dabam sakewa dabam. Rahoton da za a riƙa kawo wa kwamiti kuma kada ya zama na “mutum nawa aka kwashe”. Ku tambayi mutum nawa ne har yanzu ke kan magani bayan wata 6 da bayan wata 12, kwana nawa kantar magani ta zauna babu Modecate ko fenobabiton, nawa suka koma titi, nawa suka rasu kuma da me. Littafin allura yana asibiti, kowane ɗan kwamiti zai iya zuwa ya ƙirga layukan da aka tsallake ba tare da ya karanta sunan kowa ba, a rufe shafin sunaye da takarda a bar masa na kwanan wata.